Karoti a Tsingaro

Ƴan shekaru bayan samun mulkin kai, wani ma'aikacin noma na gwamnati ya raba iri a kasuwar Agadas, na samu ƙunshi guda na karoti, wato karas. Ni ɗan ɗinki ne da ido ya fara gazawa, kuma ban taɓa riƙe hauya ba. Wani tsohon Buzu mai garka a bakin ƙorama ya ara mini fangali biyu a gefen alkamarsa, tare da ruwan da sansa ke jawowa daga rijiya.

Hoton da ke jikin takardar saiwa ce ja, ƙatuwa. Babu wanda ya zana mini yadda abin yake in ya tsiro. Na zuba takin raƙuma daga zangon ayarin gishirin Fashi, na shuka rabin irin, kwana goma sai ga fangalin ya yi kore shar. Duk mai siririn ganye na ce ciyawa ce, na cire. Masu faɗin ganye kuwa na yi ta lallaɓa su har sati uku. Ran nan tsohon ya duƙa, ya tsinki ɗaya ya sansana, ya ce filasko nake reno, maganin wankin ciki. Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya fi kunyar yawa.

Ya ce ruwa ba abin wasa ba ne. In na sake ɓata shuka, zai mayar da wurin alkama.

Rabin irin ya rage. Na tambayi duk masu garka, kowa ya san ciyayi irin su jiji da ƙiri-ƙiri da tsidau, amma babu wanda ya san wannan baƙo. To, na ce ni da shi za mu san juna ko ya ƙi. Na ɗebo rairayi, na soya shi a kasko don duk ƙwayar da ke ciki ta mutu. Matata tana kallo, ta tambaya ko da miya za a ci. Na zuba shi a tsingaro, na shuka ƙwaya bakwai a ciki ran da na shuka sauran irin a fangalin. Duk abin da ya fito a tsingaron nan, karoti ne.

Da suka tsiro sai na gane: su ne siraran da na tumɓuke da hannuna. Daga nan kullum ina rarrafe da tsingaro a gefena, hancina kusan a ƙasa, ina gwada ganye da ganye kafin in cire komai.

Da sanyi ya ja baya, tsohon ya zo da hauyarsa. Na zaro karoti ɗaya, bai fi ɗan yatsa ba. Ya goge a riga, ya gatsa, ya daɗe yana tauna.

"Itace ne mai zaƙi," in ji shi. "Baɗi fangali nawa kake so?"

Na ce shida. Ya ce huɗu, ya sa ƙafa ya buɗe wa ruwa hanya zuwa wajena.