Kaskon Gwaggo a Foshan

Unguwar Dengfeng, Talata

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar masauki, rungume da kaskon turaren Gwaggo Asabe a cikin tawul. Ita ta gina shi, zanen jikinsa kuma gadon uwarta ne. Niyyata masana'anta ta buga mini irinsa in kai Kano. Alhaji Sumaila, mutumin Kumasi mai tura kaya, shi ne tafintana.

Saboda wasannin Olamfik, sau biyu 'yan sanda suka tsare mu kafin mu fita gari. Fasfo, biza, sai kuma a kwance tawul. Na biyun har ƙwanƙwasa kaskon ya yi da biro. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Foshan, ƙarfe takwas

Tafiyar da ba ta kai kilomita talatin ba ta ci mana awa biyu da rabi. Karin kumallo kuwa, duk inda muka nemi na halal, sai "meyo", wato babu.

Mai masana'antar, wanda suke kira lawban, ya ja mu ɗakin samfuri. Tukwane ne jere, ruwan ɗorawa, da zanen fukafukai baƙi da ja. Ya buɗe wani littafi yana taƙama: daga nan ya kwafo. Alhaji ya karanta mini. Wai matan Hopi-Tewa ne a Amurka, da hannu suke gini, su tauna ganye ya zama alƙalamin zane, su gasa da kashin tumaki, zanen kuma jika ke karɓa daga kaka.

"Sun san ana buga musu?" na tambaya.

"Lawban ya ce ina ruwansu, ai hoto ne," in ji Alhaji.

Na ce na fasa. Kafin in miƙa hannu, lawban ɗin ya riga ya ɗauki kaskon hoto ta kowane gefe, yana ta "she-she", wai godiya yake.

Kano, Lahadi

Bayan azahar na isa gidan Gwaggo, na faɗa mata komai. Ta juya kaskon, ta duba gindinsa, ta ajiye.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba, Habibu. Ni riƙo aka ba ni. 'Yarka Binta nake koya wa, kayanta ka yi kyauta da su."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Sumaila. Gwaggo dai har yau ba ta yi mini sannu da zuwa ba.