Zoben Pompo Mai Gashi

Duk faɗin Gure babu wanda ya kai ni iya aike. Ko ƙwai aka ba ni in kai Agadas, da ɗuminsa zai isa. Shi ya sa da pompon garkarmu ya fara kuka kamar jaki, ganyen salati ya kwanta don ƙishi, taubashina Ari mekanisiye ya ce ni zan je Damagaram in karɓo sabon zoben da sandar pompon ke juyawa a cikinsa.

Talata

Biyar da rabi na asuba na shiga motar hiyas, kuɗin mota jika huɗu. Mu goma sha tara ne da akuya, kuma ita ta samu wajen taga. Jandarma ya dubi hoton katina ya ce, "Baba, wannan ɗanka ne?"

Tara da kwata na isa wurin Falmata, ɗiyar ƙanwata, injiniyar ruwa. Ta miƙo zoben.

"Kawu, wannan ba ya son mai. An dasa masa gashin roba a ciki, ido ba ya ganinsa. Da ruwa ya taɓa shi sai ya miƙe ya riƙe ruwan, ƙarfe ya yi ta sulɓi kamar tarwaɗa."

Na leƙa, ban ga ko sili ɗaya ba. Na ce na gane, don kawu ba ya cewa bai gane ba. Na kwana gidanta, na yi wa tuwo da miyar kuɓewa ɓarna.

Laraba

Ɗaya da minti goma muka tsaya salla a Gidigir, kan hanyar komawa. Na fito da zoben ina nuna wa shofer. Cikinsa dishi-dishi kamar tsohon kwano.

Shofer ya ce, "Alhaji, ai okaziyo aka ba ka."

Ni, in kai wa Ari tsohon kaya? Na roƙi toka wurin mai shayi, na haɗa da rairayi, na dirje shi har ina ganin haƙorana a ciki.

Uku daidai na sauka Gure lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Ari ya ɗaura, muka tayar. Jakin jiya ya koma raƙumi, ruwa kuwa ɗigo-ɗigo. Ari ya kira Falmata, ta ce a tambaye ni abin da ya faru a hanya. Na faɗa, har da tokar.

Ari ya kashe wayar, ya dubi salatin, ya dube ni.

"Taubashi, mun aiki ɗan aike, ashe wanzami ne ya tafi. Wa ya sa ka yi masa aski?"