Mai Jar Dara da Lambar Yayana

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, kuma wallahi ba zan ƙara ko kalma a kai ba. Shekarun baya ne, lokacin ina ƙirar azurfa a wani ɗan shago a Ƙofar Jatau, cikin birnin Zariya.

Yayana Sani, Allah Ya jiƙansa, fatauci yake yi, yana zuwa Santambul ta ƙasar Turkiyya sarin kaya. A wata tafiya ya shigo kasuwar tsofaffin kaya ya sayo wata lambar girma ta azurfa, mai kamar tauraro da tsinkaye bakwai, tsakiyarta ja da rubutun Larabci, ga ɗan jinjirin wata a samanta. Wanda ya sayar masa ya ce sarkin Turkawa ne ya ba wani babban mutumin ƙasar Sabiya, Bature Kirista, zamanin da ƙasarsu ke ƙarƙashin Turkawa, kuma manyan Sabiya na wancan lokaci haka suke jera irin waɗannan lambobi a ƙirji alhali suna ta neman yadda za su ƙwace ƙasarsu. Wannan labari ya yi wa Yaya daɗi ƙwarai. Da Sallah sai ya maƙala ta a babbar riga ya leƙo shagona.

"Auta, tashi ka gai da hakimin Sabiya!"

"Hakimin da bai da ko akuya?"

"Kai dai maƙeri, hassada za ta kashe ka."

Da ya rasu, ya bar matarsa da yara biyu ƙanana. Kun san dai yadda muke yi, kayan mamaci ko allura ce ba a bayarwa, ba a taɓawa, sai an raba gado. Malam Lawal na Kusfa, wanda zai yi rabon, ya miƙo mini lambar ya ce in duba ko azurfar gaske ce, tunda sana'ata ce.

Bayan azahar ne, rana tsaka, mutane na wucewa. Ina shago, na juya bayan lambar na ɗan goga mata magagari. Gugar farko, garwashin da ke ci a gabana ya mutu murus, kamar an zuba masa ruwa, ko hayaƙi babu. Na ɗaga kai, sai ga mutum tsaye a bakin ƙofa, dogo, fari, da gashin baki mai kauri, jar hular dara a kansa, ga baƙar kwat mai nauyi ya rufe har wuya cikin wannan zafi. Ƙirjinsa cike da lambobi, sai wuri ɗaya a hagu da ba komai, zare kawai yana lilo. Bai yi sallama ba. Ya miƙo hannu.

"Auta, ba shi kayansa."

Innalillahi! Bakin baƙon ne ya motsa, amma muryar Yaya Sani ce, har da ɗan shaƙewar nan tasa. Na ji kamar in miƙa don kawai in sake jin muryar. Sai kuma raina ya ɓaci. A ce za a aro muryar ɗan'uwana a zo a karɓe abin marayunsa?

Na dunƙule lambar a hannu na ce, "Yayana ni na sa shi a kabari da hannun nan. Kuma ko shi ne da kansa ya dawo, ba shi da iko da ita yanzu. Ba a raba gado ba. Kayan marayu ne."

"Auta, ba ka jin maganata?"

"Ina ji. Ba zan bayar ba."

Ya matso taku guda. Lambar ta yi sanyi a tafina har tana cizo, na dage ina karanta Ayatul Kursiyyu, ban sauke idona daga nasa ba. Mun daɗe a haka, ban san iya tsawon lokacin ba. Can ya janye hannunsa, ya shafa wurin zaren a ƙirjinsa, ya juya ya fita.

Maƙwabcina Iro tela ya leƙo yana dariya. "Maƙeri, yau Bature ka samu? Wane irin mutum ne wannan, na gaishe shi ya yi mini banza, ya miƙe wajen ganuwa inda ba hanya?" Da ya ga fuskata ya daina dariyar.

Na kai wa Malam Lawal lambar, na faɗa masa azurfa ce, na faɗa masa sauran. Ya yi addu'a. Da aka yi rabo ta faɗa kason Bilkisu, ƙaramar 'yar Yaya, aka ba ni riƙo har ta girma. Tana wurina har yau. Wani lokaci, in ina aiki, nakan hango jar dara a tsallaken hanya, ba ya matsowa, ni kuma ba na rufe shago.

Ban san ko shi wane ne ba, ban kuma ce lambar ba tasa ba ce tun asali. Amma in yana da haƙƙi, ya zo gaban Malam da shaidunsa kamar kowa. Ku kuma masu sayo tsofaffin kayan mutane daga wata ƙasa, ku yi hattara. In kuwa amanar maraya na hannunku, kada ku saki, ko da muryar wanda kuka fi so aka roƙe ku.