Kirsimetin da Mama Ta Yi a Thamesmead

A babban kantin da nake aiki a nan ƙasar Turawa, Kirsimeti tun watan Satumba yake farawa. Mutane na yawo da ƙananan riguna, sanyi bai ma shigo ba, sai a turo mana kwalaye cike da kayan ƙyalƙyali da alewa mai hoton ƙanƙara, a ce mu jera. A kunna waƙoƙin nan, su yi ta maimaituwa har kunne ya daina ji.

Maigidana, wanda ke gadi a wata kasuwar zamani, bai taɓa ganin aibin abin ba. In na fara mita sai ya ce, "Ke dai, su ja shi har Maris ma. Overtime ne fa, ƙarin kuɗi." 'Yarmu kuwa, haihuwar nan, tun Oktoba take roƙon a kafa bishiyar roba a falo.

Shekarar da mahaifiyata ta zo daga ƙauyenmu na kusa da Pankshin, cikin Nuwamba ta sauka. A hanyarmu ta zuwa gida ta ga fitilu sun cika titi, ta kama hannuna.

"Yau ne?"

"A'a, Mama, saura fiye da wata guda."

Ta sake kallon fitilun, ta ce, "To in sun cinye shi tun yanzu, me za su ci ranar?"

Na nemi hutu don in zauna da ita. Manaja ya ce babu mai ɗaukar hutu sai bayan sabuwar shekara, lokacin ciniki ne. Haka Mama ta riƙa wuni ita kaɗai a flat, da rigar sanyi biyu a jikinta, tana kallon ginin siminti ta taga.

Ranar Kirsimeti babu bas, babu jirgin ƙasa. Cocinmu yana can ƙetaren kogi, ba mu da mota. Mama ta ci ado, ta ɗaura ɗankwali, sannan na gaya mata ba inda za mu je. Ta shiga kicin ta dafa shinkafa da miyar kaji, ta zuzzuba a kwanuka, ta ce a kai wa maƙwabta kamar yadda ake yi a gida. Na ce mata nan ba a yin haka. Ta ɗauki kwanukan da kanta, dole na bi ta.

Ƙofa ta farko muna jin hayaniya a ciki, ba a buɗe ba. Ta biyu wata mata ta leƙo, sarƙa na jikin ƙofar, ta yi murmushi ta ce sun gode, sun riga sun ci. Mama ba ta jin Turanci, amma ba ta nemi in fassara mata ba.

Da muka dawo ta kwance ɗankwalin ta ninke.

"Wata da watanni ana shelar biki," in ji ta, "ranar bikin kuma kowa ya kulle ƙofarsa."

Maigidana ya ce, "Mama, haka ƙasar take. Kowa da iyalinsa yake yi."

"To, ɗana, duk fitilun nan don wa aka kunna?"

Shinkafar ta kwana a firji.

Washegari da sassafe na koma aiki. Layi ya kai bakin titi, an karya farashi, wasu na dawo da kyautar da aka ba su jiya. Da na dawo na tarar Mama ta haɗa jakarta, ta ce a matso mata da ranar tafiya. Na roƙe ta, na yi kuka, ta ƙi.

Ba ta sake zuwa ba. Da shekara ta zagayo na kira ta ana jajibirin Kirsimeti, ina ɗakin hutun ma'aikata, da jar hular Kirsimeti da aka tilasta mana sawa a kaina. Ina jin ƙarar turmi a bayanta, da matan zumuntar coci suna waƙa. Sai ta ɗaga murya kafin in ji abin da take faɗa. Na ce mata lokacin hutuna ya ƙare, na kashe wayar na koma bakin aiki.