Anti Shiru Ta Shiga Gari

Yaran gidan ne suka laƙa mata Anti Shiru, domin kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Aikinta amsa saƙonnin masu sayen takalma ne, na wani kamfani da ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, kuma a ɗakinta take yin sa, a kan ɗan teburin da aka matse tsakanin gado da taga. Da safe sai ta kafa ɗauri, ta sa riga mai guga saboda taron bidiyo, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa zanen barci ne da silifas. Yayanta mai gyaran firiji yakan ce ƙanwarsa rabin ma'aikaciya ce, wato daga ƙugu zuwa sama. A birnin ta girma, amma in ka cire shagon kan kwana da asibitin da take kai Inna, sauran duk a waya ta san su.

Sai maƙwabci ya tashi ɗora bene. Guduma tun da safe, injin yankan ƙarfe har yamma, har wata mai sayayya ta tambaye ta ko a maƙera take. Da ta kai kuka wurin shugabarta, aka kama mata kujera a wani ofishin haya can ɗaya gefen gari, inda masu aiki irin nata ke zuwa su zauna. Hanyar kuwa bas ce, sai jirgin ƙasa, sai kuma wata bas.

Inna ta yi ta ja mata kunne kamar mai barin ƙasa: ta rungume jakar kwamfutar a ƙirji, ban da gyangyaɗi, ban da surutu da baƙi. Yayan ya koya mata ɗora katin biyan kuɗin mota a na'urar bakin ƙofar bas har ta ƙosa.

Ranar farko ta ɗora katin, na'urar ta yi 'yar ƙara ta kawo koriyar wuta, ita kuwa ta ce mata na gode. Direba ya waiwayo ya ƙare mata kallo. Dariyar da ta kama ta a nan ba ta sake ta ba har ta samu kujerar taga. Ashe akwai layin da kujeru zalla ake sayarwa, da wani na agoguna. Ashe gadar nan ta cikin hoto rawa take yi in babbar mota ta wuce. Ga kuma ƙafafu. Ita da ta shekara tana ganin takalma a allo, yau ga su suna tafiya da mutane a ciki. Ta hango wani dattijo sanye da takalmin nan ruwan ƙasa da aka fi yi mata ƙorafi a kansa, da ƙyar ta hana kanta gaya masa kada ya shiga ruwa da shi. A tasha ta hau jirgin da ya nufi baya, ba ta farga ba sai da gidaje suka fara ƙarewa. Ta isa ofis rana ta take, gumi sharkaf, baki har kunne.

Ofishin sanyi ƙalau, kowa da abin sauraro a kunne, ba mai ce wa wani sannu. Aiki ya tafi daidai, amma ita hanyar take ɗoki.

Wata safiya cunkoso ya tare bas ɗinsu a kan gada, ga lokacin taron bidiyo ya yi, kuma ita ce mai bayani. Ta buɗe kwamfuta a cinya. Wata tela da ke gefenta da ƙunshin yadi ta tambayi abin da ya faru, da ta ji sai ta miƙe.

"Direba, kashe mana rediyon nan, 'yata za ta yi magana da manyanta."

Aka kashe. Telar ta warware yadi shuɗi, ta ba wani ma'aikacin banki gefe ɗaya, ta riƙe ɗaya, suka ɗaga shi a bayan Anti Shiru kamar labulen falo. Mai goyo ta cusa wa jaririnta nono, mai tari ya haɗiye tarinsa. Bayani ya yi nisa, shugabar har tana yaba labulen, sai hanya ta buɗe, direba ya fizgi mota. Ma'aikacin banki ya zauna daɓas, labule ya faɗi. Abin da shugabar ta gani shi ne jerin fuskoki, kujera bayan kujera, kowa ya tsare ta da ido ya nutsu kamar a kotu. Wani tsoho daga baya ya ɗaga hannu.

"Yarinya, ce muna gaishe ta. Kuma maganarki gaskiya ce, a ƙara faɗin takalman."

Shugabar ta yi dariya har ta ɓace daga allo, da ta dawo tana share hawaye ta ce an karɓi shawarar. Anti Shiru ta rufe kwamfuta, bas ta kaure da tafi, direba ya ƙara da hon.

Da bene ya kammala ta koma teburinta, amma ba ta mayar da katin aljihun tebur ba. Takan ƙirƙiro dalilin fita, ko da zare ne za ta kai wa telar, wadda yanzu take kira Goggo. Wata Asabar ta lallaɓi Inna suka hau jirgi. Inna ta shiga tana ƙanƙame da hannunta, ido rufe. Kafin tasha ta gaba ta ƙwace kujerar taga, tana tambayar sunan kowace unguwa. Da suka kai ƙarshen layi kowa ya sauka, mai shara ya shigo da tsintsiya ya ce an iso. Inna ta ɗaga masa ƙafafu ya share ƙarƙashinsu, ta gyara zama, ta ce ai ba ta ga ɗaya gefen hanyar ba tukuna.