Babur ɗin Ruwa a Gindin Tsamiya

Kwanakin baya wani abokina ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton babur ɗin ruwa, irin wanda ake hawa kamar babur amma a kan ruwa yake gudu. Ya ce ya ji gidanmu an taɓa sayen irinsa, yana so in gaya masa tsakani da Allah ko in ya saya zai ci ribar kuɗinsa. Sai da na yi dariya ta ishe ni, sannan na ce ya zauna, don amsar ba ta tsaye ba ce.

Yayana ne ya saya, ba ni ba, kuma ina so a san da wannan tun da wuri. Shi ne ɗan farin Innarmu, ni ne auta. Yana harkar shinkafa a Haɗeja, Allah ya buɗa masa daidai gwargwado. Inna kuwa tana ƙauyenmu can bayan Kirikasamma, inda in damina ta yi nisa ruwa kan shanye hanya, sai a kwalekwale ake shiga. An yi juyin duniya ta dawo gari, ta ƙi. Ta ce a gari ba a jin kukan shanu, ruwan famfo kuma ɗanɗanon ƙarfe gare shi.

Mu asalinmu Fulani ne, ko da yake shanun sun ƙare saura 'yan kaɗan, Fillancin ma ya kusa ƙare mana a baki. Abin da bai ƙare ba shi ne kunyar ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta kama sunan Yaya ba. "Wancan" take ce masa, ranar da ta ji daɗi ta ce "babban naku". In ya zo gaishe ta zai durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango, ya ajiye abin da ya kawo ya tashi. Duk abin da za ta faɗa masa ni take faɗa wa, ko da yana durƙushe a gabanmu yana ji. Tun kafin a kawo waya ƙauyenmu ni ne wayarsu.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu ruwa ya yi yawa. Saƙon rasuwar ya iske Yaya da hantsi, ya garzayo mashigi, ya tarar kwalekwalen yana wancan ƙetaren ana lodi. Ya tsaya yana ɗaga hannu yana ƙwala kira, ba mai jin sa. Kafin ya iso an kai Baba makwancinsa har an dawo. Bai taɓa yi mini zancen ba, ni ma ban taɓa yi masa ba. Amma duk damina, da zarar an ce ruwa ya fara cin hanyar ƙauye, sai ka ga ya kasa zama wuri ɗaya, yana kiran wayata yana tambayar ko Inna ta yi tari.

To, sai ya je Legas wata harka, ya ga abin nan a bakin teku. Ya dawo da shi a bayan akori-kura, na hannu ne, ja da fari, yaran unguwa na biye da shi. Ya dafa shi ya ce mini, "Auta, daga yau ni da jiran kwalekwale har abada."

Maƙwabta suka taru. Wani ya leƙa ƙarƙashi yana neman taya. Wani ya tambayi buhu nawa yake ɗauka, da aka ce ko ɗaya, ya koma gefe yana kallon Yaya da tausayi. Matar Yaya ta ce "Allah ya sanya alheri" da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Abin haushin, da rani ya kawo shi, kogi ya janye sai rairayi. Haka babur ɗin ruwa ya zauna a tsakar gida wata da watanni, duk ranar Juma'a Yaya na wanke shi da bokiti.

Da ruwa ya cika muka sa rana. Yaya ya fito cikin farar babbar riga mai sitaci, don wai ba zai je gaban mahaifiyarsa da gajeren wando kamar ɗan ƙwallo ba. A kan babbar rigar ya ɗora rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa, ya kafa hula. Ni ina baya, rungume da ledar goro da sukari. A mashigi muka tarar kwalekwale na lodin mata da awaki da wani babur na ƙasa. Mai kwalekwalen ya ce, "Alhaji, a rage muku wuri?"

Yaya ya ce, "A'a, ku taho a hankali. Ma gaya musu kuna tafe."

Ba zan ci amanar abin nan ba, farkon tafiyar ta yi daɗi. Ruwa ya dare biyu, iska na dukan fuska, tsuntsaye na tashi daga cikin ciyawa gungu gungu. Hular Yaya ta yi nata wuri, ko waiwaye bai yi ba. Na ji kaina ina ihu kamar yaro, na ce a raina ashe mu ne wawayen, Yaya ya hango abin da ba mu hango ba.

Sai muka fara haɗuwa da mutane. Wanda ya ƙera abin nan bai san mutanenmu ba. Hannun dama yana kan totur, in ka saki gudu ya mutu. Hannun hagu kuma akwai wata 'yar igiya da ake ɗaurawa, wadda in ka faɗa ruwa za ta fizge makulli injin ya tsaya. Wato an yi shi ne don mutumin da ba ya gaisuwa. Yaya kuwa ko akuyar da ya sani ba ya wucewa bai yi mata magana ba. Masunci na farko da muka gani kwance a kan gorarsa ta kamun kifi, Yaya ya ɗaga hannun dama, babur ya lafa, igiyar ruwan da muka tayar ta je ta kusa kifar da bawan Allah.

"Sannu da aiki! Yaya ruwa?"

Mutumin ya ƙanƙame gorarsa ya ce, "Ruwa ya yi gyara, kafin ku zo."

Na ce, "Yaya, don Allah ka bar gaisuwar nan mu isa."

Ya ce, "Kai ba ka da hankali? A ce na sayi abin hawa na daina ganin mutane?"

Haka muka yi ta yi, mu zabura mu tsaya, ina kwana, yaya iyali, yaya mai jiki. Har muka hango surukin Yaya, mahaifin matarsa, tsaye a ɗan ƙaramin jirginsa a bakin gonar shinkafarsa da ruwa ya rufe rabi. Suruki ba a yi masa hannu ɗaya. Yaya ya saki komai, ya ɗaga hannu biyu, yana ƙoƙarin zamewa ya durƙusa a kan abin da ba shi da wurin durƙuso. Igiya ta fizge, inji ya mutu. A ranar muka gane cewa in injin ya mutu kan ma ba ya juyawa, birki kuwa dama babu. Muka wuce tsohon suuu, Yaya na "Barka da hantsi, Baba," muka shige tsakiyar shinkafar muka buɗe mata titi.

Tsohon ya dubi titin, ya dube mu, ya ce, "Ba komai, Alhaji. Ai gonarka ce."

Na fi son a zage ni da a ce mini haka.

Da ƙyar muka turo shi waje, babbar riga ta sha ruwa ta yi nauyin buhu. Muka tayar, muka ɗan taɓa gaba, sai muka shiga inda ciyawar kacala ta cinye hanyar ruwa. Ashe ta ƙarƙashi abin ke zuƙar ruwa ya feso ta baya, kuma ba ya tantance ruwa da ciyawa. Ya haɗiyi abin da ya haɗiya, ya yi tari, ya yi shiru. Yaya ya murɗa, ya yi bisimilla, ya sake murɗawa. Rana ta take. Muna nan zaune, ni da ledar goro, sai ga kwalekwale tafe a hankali, awaki na kallonmu.

Mai kwalekwalen ya dogara sandarsa ya ce, "Alhaji, kun gaya musu muna tafe?"

Da igiyar akuya aka ja mu har ƙauye, kuma duk wanda ke da ƙafa a garin ya fito bakin ruwa.

Yaya ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ruwa na ɗiga daga rigarsa, ba hula. Ta amsa gaisuwa tana kallon bango. Sannan ta ce mini, "Auta, buɗe akwatin can ka ba babban naku rigar babanku, kada sanyi ya kama shi. Wancan abin kuma a ja shi gindin tsamiya. Ba zai sake hawa ruwa ba ina raye."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Ka gaya mata don in riƙa isowa da wuri na saya."

Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, "Na san don me ya saya. Ka ce masa babansa bai yi fushi ba. Shi ma ya sha jiran kwalekwalen nan."

Ban isar da wannan saƙon ba. Ba a buƙata, ya riga ya ji.

Babur ɗin ruwa ya zauna a gindin tsamiyar tsakar gidan Inna. Kaji suka gano wurin sa ƙafa ya dace da ƙwai. Da, in Yaya ya zo, gaisuwa ce kawai ya juya, don ɗan fari ba shi da abin zama yi a gaban uwarsa. Yanzu kuwa duk mako sai ya shigo kwalekwale da sifana a aljihu, wai ya zo duba inji. Ya buɗe shi ya zauna tun hantsi har la'asar. Inna kuma sai ta fito da tabarmarta ɗaya gefen tsamiyar, wai tana tsaron kaji kada a taka mata ƙwai. Ta yi wa kaji faɗan tsadar gero da ciwon gwiwa, shi ya ba inji labarin kasuwa da karatun yara. Ƙwaryar fura kan bayyana a kan kujerar babur, ba wanda ya ga mai ajiyewa.

Bara wani mutum ya zo daga wajen Kano, ya ji labari, yana so ya saya ya kai wani dam inda masu hali ke wasa. Ya yi tayi mai kyau, har na ga Yaya ya fara lissafi da ido. Ni ma na ce a sayar, tun da ko sau ɗaya abin bai sake tashi ba.

Inna na tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Auta, ka ce wa baƙon ba na sayarwa ba ne. In aka ɗauke shi, me wancan zai riƙa zuwa dubawa?"

Yaya ya juya mana baya, ya sunkuya cikin injin, ya daɗe yana ɗaure wani noti da tun tuni yake a ɗaure.