Na Ƙi Shan Ruwanta, Amma Na Rubuta Cewa Lafiyarsa Lau

A wancan lokacin ni injiniyan ruwa ne, Bakano mai ji da kansa, ina zaune a ƙasar waje, a garin Gaithersburg kusa da Washington, da matata da jaririyarmu. Kamfaninmu yana auna ruwan rijiyoyi ne ga masu haƙar iskar gas, irin haƙar nan da ake ɗura ruwa da yashi da sinadarai cikin ƙasa da ƙarfin tsiya har duwatsu su farfashe. Takardun zamana a ƙasar suna hannun kamfanin, don haka ko tari shugabana ya yi sai na ce masa sannu. Masu zanga-zangar adawa da haƙar kuwa, da kukansu na gurɓatar ruwa da ɗumamar yanayi, kallon marasa aikin yi nake musu.

Wata rana aka tura ni wata gona mai nisa cikin tsaunuka, inda wata tsohuwa Baturiya ta yi ƙorafin ruwan rijiyarta ya canza. Zan fita, shugabana ya ce kada in yi gaggawar rufe kwalba. Duk ɗan sana'armu ya san nufinsa: in aka bar kwalba a buɗe, gas ɗin da ke cikin ruwan sai ya fice kafin a kai ɗakin gwaji. Tsohuwar ta tarbe ni da fara'a, jikarta 'yar shekara biyar tana maƙale da ita. Ta buɗe famfo, ruwa ya fito yana tsartuwa, fari-fari kamar an dama koko. Ganin gumin da nake yi sai ta cika kofi ta miƙo min. A gidanmu ba a ƙin ruwan da aka ba baƙo, cin fuska ne, sai dai mai azumi. Ban san lokacin da bakina ya ce ina azumi ba, alhali yanzu na gama cin burodi a mota. Ta janye kofin tana ba ni haƙuri. Na ɗebi ruwan a kwalabe, na fita waje, na bar su a buɗe, daga baya na sa hannu cewa ruwan lafiyarsa lau.

Bayan 'yan watanni aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a wani ginin gwamnati a kudu maso yammacin Washington, aka tafi da ni. Maƙwabtan tsohuwar sun cika zauren, kowa da gorar ruwan gidansa, suna cewa rahotonmu ƙarya ne. Da tsohuwar ta miƙe, na ce a raina yau asirina ya tonu. Sai ta ce ita ma ba ta son haƙar, amma ta yarda da wannan rahoton, domin mutumin da zai haƙura da ƙishirwa a tsakiyar zafi saboda Ubangijinsa ba zai yi mata ƙarya ba. Ta ce hankalinta ya kwanta, za ta ci gaba da ba jikarta ruwan. Ga makirufo a gabana, amma takalmina na yi ta kallo har aka tashi.

Takarduna sun fito, na bar aikin, amma muryar tsohuwar ba ta bar kunnena ba. Sai bayan shekara shida na yi ƙarfin halin komawa gonar. Na tarar da gidan a kulle, ciyawa ta kai taga, an toshe rijiyar da siminti. Wani maƙwabci ya ce sun tashi bayan yarinyar ta daɗe tana jinya, bai san inda suka nufa ba. Ya ƙara dubana, ya gane ni, ya rufe ƙofarsa. Har yau ban sani ba ko ruwan ne sanadi, kuma rashin sanin nan yana cina kullum.

'Yan'uwa masu sa hannu a takarda, ku tuna akwai wanda zai gina rayuwarsa a kan sa hannun nan. Kada kuma tsoro ya sa ku fake da addini wajen ƙarya. Na yi istigifari iya yina, amma malamai sun ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, ni kuwa ban san inda zan same ta ba.